Ƙirga Biyu Kafin Ka Danna

Hollis Ferry, Mississippi
14 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Ozella,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri a gare ki da duk mutanen gidanki. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sa aikin da aka yi miki a ƙugu ya zama ƙarshen wahala, ki jingine sandar nan ki koma hawa matakalar cocinku da ƙafafunki, amin. Yaya sanyin Toledo? Na ji an ce ƙanƙara ta fara zubo muku tun kafin watan nan ya kama. Mu nan ruwan sama ne ba dare ba rana. An gama cire auduga, gonaki duk sun zama taɓo.

Muna nan da godiyar Allah. 'Yarki Corliss tana Memphis, cikinta ya shiga wata bakwai, ta yi nauyi har mijinta ne ke ɗaura mata igiyar takalmi. An ce namiji ne, kuma sunan Hosea za su sa masa. Ni na koma aikina na gyaran tarwaɗa tun farkon Oktoba, don shirun gidan nan yana nema ya kashe ni. Makon jiya aka kafa dutsen kabarin ƙanenki. Sun rubuta sunan daidai, amma sun zana 'yar ƙaramar ƙwallo a ƙasansa. Ban ce a sa ba, mutanen coci ne suka ga ya dace. Na daɗe a tsaye ina kallon ƙwallon nan.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da karatuna ya tsaya a aji goma, alhali ga waya. Dalili biyu ne. Na farko, duk lokacin da na kira ki kuka ne ke cin rabin maganar, kunnenki na hagu kuma ya cinye sauran. Na biyu, akwai abin da nake so ki riƙe a hannunki, ki karanta, ki sake karantawa, kafin ki yanke mini hukunci. Na san ɗanki Lamonte ya kira ki ya ce yana nan tafe wurinki a watan Janairu, na kuma san kin yi murna har kin sa an gyara masa ɗakin sama. Bai gaya miki abin da ya raba shi da nan ba. Ni ce, Yaya. Bari in faro miki daga tushe.

Kin fi ni sanin yadda ƙwallon nan tamu ta Amurka, ta cafewa da karo, ta ƙare wa Hosea, don ke kika je tashar mota kika ɗauko shi da jakarsa. Shekararsa ta biyu a kwaleji aka buge shi a ka, ya je ya gaya wa koci gaskiya, cewa mutum ɗaya yake gani kamar biyu. Aka ce ya huta mako biyu. Kafin ya dawo wani ya zauna a gurbinsa, bai kuma ƙara tashi ba. Shekara ashirin da bakwai na yi da mutumin nan, yana tuƙa motar abincin kifi daga wannan tafki zuwa wancan, ranar Asabar ya sa hular kwano ya je ya yi ta karo da ƙarti a wasan 'yan gari har ya kusa arba'in, kuma ban taɓa jin ya yi nadamar wani zunubi kamar yadda yake nadamar gaskiyar da ya faɗa ranar nan ba. Yakan ce, Verlene, da na kama bakina da yanzu kina gidan bene kina ba masu aiki umarni. Ni kuma in ce da ka kama bakinka da wata ce a gidan benen, ba ni ba. Mu yi dariya.

Abin da ba ki gani da idonki ba shi ne shekaru shida na ƙarshe. A waya nakan ce miki 'yar mantuwa ce. Ba mantuwa kaɗai ba ce. Ya fara da jan labule da rana tsaka, wai haske na sukar masa ido. Sai ya koma murza bayan kunnensa na dama da babban yatsa, yana ta murzawa har wurin ya yi kanta. Sai faɗa ba gaira ba dalili, mutumin da ko kare bai iya yi wa tsawa. Akwai ranar da ya kira ni da sunan mahaifiyarku, ya tambaye ni ko kin dawo daga makaranta. Likita ya ce ba zai iya rantsewa ƙwallo ce ta jawo ba, amma da ya tambaye shi sau nawa aka taɓa buge shi a ka, Hosea ya yi dariya ya ce gara a tambaye shi sau nawa ya ci abinci, zai fi sauƙin ƙirgawa. Duk da haka, in dai zancen ƙwallo aka ɗauko, sai ki ga kan ya washe kamar ba shi ba.

Lahadin ƙarshe ta watan Yuni, kafin Lamonte ya tafi jami'a, muka yi masa walima a gindin bishiyar nan ta ƙofar gida, bayan an tashi daga coci. Na soya tarwaɗa, na yi burodin masara da ganye da wake. Rabin coci sun zo, don ba a taɓa samun ɗan Hollis Ferry da babbar jami'a ta ɗauka ya yi karatu kyauta saboda ƙwallo ba. Baba Purvis mai aski yana ta tsokanarsa, wai da waɗannan ƙafafu kamar sandar rake ai iska ma za ta kayar da shi kafin masu tsaro su iso. Lamonte ya ce haba Baba, kai da tumbinka ke riga ka shiga coci da minti biyar, me ka sani a kan gudu? Aka yi ta shewa. Ranar Hosea yana cikin hankalinsa sarai. Ya jawo ɗansa kusa da shi a kan benci, ya ce ya buɗe kunnensa da kyau.

Yanzu akwai wani gwaji da ake yi wa 'yan wasa kafin a fara kakar wasa, a zamanin Hosea babu shi. Su zaunar da mutum gaban kwamfuta, su nuna masa kalmomi da zane-zane su ce ya tuna, in haske ya fito ya danna da sauri. Sai su ajiye sakamakon. Ranar da aka buge shi a ka su sake masa. In ya yi daidai da na farko, kan ya warke ke nan, ya koma fili. In ya gaza, ya zauna a benci. To, Hosea ya ce masa, kai ɗana, ranar gwajin farko kada ka kuskura ka nuna musu kana da kaifi. In haske ya fito, ka ƙirga biyu a zuciyarka kafin ka danna. In sun ba ka kalma goma, ka manta uku. Kada ka wuce uku, za su gane. Ka ba su kan da ya riga ya bugu su ajiye, ranar da naka ya bugu da gaske ba za su ga bambanci ba, ba kuma wanda zai zauna maka a gurbi. Maza suka kwashe da dariya, Baba Purvis yana buga tebur wai ai Hosea lauya ya kamata ya zama. Yaya, ni ma na yi dariya. Ina tsaye da tiren kifi a hannuna, ina ganin mijina yana murza bayan kunnensa, amma na yi dariya, don na daɗe ban ga idonsa da haske irin na ranar ba. Wannan dariyar ce take tashe ni kowace safiya.

Lamonte ya shiga da ƙafar dama. Su goma sha ɗaya ne masu cafe ƙwallo, shi ne na can baya, ba wanda ya sa ran ɗan shekarar farko zai taka fili. Amma littafin dabarun wasan da aka ba su, mai kauri kamar bulo, cikin mako uku ya haddace shi. Sannan kin san masu cafewa iri biyu ne. Akwai masu bin gefen fili, in an matso su sai su fice waje. Akwai kuma wanda ake turawa tsakiya, ya yi tsalle idonsa na sama, haƙarƙarinsa a buɗe, bai san ta inda za a zo masa ba. Ba kowa ke yarda da wannan ba. Lamonte ya yarda, shi ya sa aka tsallake manyansa uku aka sa shi. Wasan farko mun kalla a talabijin ni da Hosea. Ya cafe biyu. Hosea ya matso bakin kujera ya ce, kai, mai lamba tamanin da ɗayan nan yana da hannu, ɗan wa ne?

Abin da ya faru ranar sha bakwai ga Satumba kin sani, amma ban gaya miki zancen takalman ba. Da safe ina wanke-wanke ya fito sanye da tsofaffin takalman ƙwallonsa masu ƙusoshi, suna ƙwas ƙwas a kan siminti. Ya ce ya makara, koci zai ba wani gurbinsa. Na ɗauka zai zagaya gida ya dawo kamar yadda ya saba. Na ce to, ka gaishe shi. Maganata ta ƙarshe ke nan da mijina. Wajen ƙarfe biyu ma'aikatan tafki suka same shi a cikin ruwa. Laraba muka binne shi. Asabar Lamonte ya buga wasa, ya cafe bakwai, ya kai ɗaya har layin ƙarshe ya ci, ya durƙusa ya nuna sama da yatsa. Duk jihar nan ta gani, mutanen da ba su taɓa sanin Hosea ba suka yi ta kuka.

Asabar ta biyu cikin Oktoba na je kallo da kaina. Iyaye mata muna da wurin zamanmu, kowace ta maƙala hoton ɗanta a ƙirji. Ana cikin zango na uku mai jifa ya jefa ƙwallo sama fiye da kima. Lamonte ya tashi ya ɗauko ta, sai wani ya taho ta gefen da ba ya gani, ya sa masa hular kwano a muƙamuƙi. Cikin mutum dubu sittin, ƙarar ta iso har inda nake. Ya faɗi rigingine. Hannu ɗaya ya ƙanƙame ƙwallon, ɗayan ya miƙe sama ya sandare, yatsun a buɗe, kamar mai jiran a miƙo masa wani abu. Jama'a suna ta ihu don bai saki ƙwallon ba. Matar da ke kusa da ni ta rungume ni ta ce, ɗanki namiji ne, 'yar'uwa! Ni hannun nake kallo.

Suka shigar da shi ɗan tantin da ke bakin fili, daga nan suka wuce da shi ciki. Bayan kwana tara ya kira ni yana dariya. Ya ce Mama, dabarar Baba ta ci. An tambaye shi ciwon kai, ya ce babu. Jiri, ya ce babu. Gwajin ya fito daidai da na Yuli. Har yana ƙara mini da cewa wannan karon bai ma ƙirga biyu ba, iya ƙoƙarinsa ya yi. Na ce Lamonte, ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa? Iya ƙoƙarinka na yau shi ne wasan banzan da ka yi musu a Yuli. Can ya ce Mama, ke kifi kika sani, ki bar mana ƙwallo. Wasa ɗaya kacal ya rasa.

Daga nan sai abin ya yi ta hawa. Baba Purvis ya liƙa hotonsa a madubin shago. A wurin aiki mata suka daina kirana Verlene, sai uwar tamanin da ɗaya. Ba zan yi miki ƙarya ba, ya yi mini daɗi, don tun da Hosea ya rasu kallon tausayi kawai ake yi mini. Na ce a raina ƙila ya warke, ƙila ni ce baƙin ciki ke nuna wa abin da babu. Sai cikin Nuwamba ina kallon wani wasa a talabijin, aka ɗan buge shi, bugun da ba wanda ya kula. Ya tashi garau. Amma da aka zo jera layi, sai ya nufi ɗaya gefen. Abokin wasansa ya kama kafaɗunsa ya juyo da shi, daidai yadda nake juyo da Hosea a ƙofar coci. Masu sharhi suka yi dariya suka ce kuskuren sabon shiga ne.

Ranar Alhamis ta bikin Godiya, a ƙarshen Nuwamba, aka ba su yini ɗaya, don Asabar ɗin ne babban wasan ƙarshe da abokan hamayyarsu, wanda mutanen jihar nan ke jira shekara guda cur. Corliss da mijinta suka biya suka ɗauko shi, wai ya gaji da tuƙi. Ya shigo da baƙin tabarau alhali hadari ne a sama. Corliss ta ce a'a, tauraro, mu ma sai mun sayi tikiti za mu ga idonka? Ya yi dariya, bai cire ba. Na ga ya ja labulen falo. Na ce gajiya ce. Ya zo yana taya ni jera faranti, mu huɗu ne, ya jera biyar. Sannan ya leƙa baranda ya ce, Mama, Baba bai shigo ba? Abinci zai huce fa. Ba wasa yake yi ba, Yaya. Cokali ya suɓuce daga hannun Corliss. Na ga lokacin da abin ya dawo masa, a fuskarsa na gani, kamar an sake gaya masa rasuwar daga farko. Ya ɗauke farantin ya ce sabo ne. Na ce i, sabo ne, ni ma nakan yi. Ƙarya nake yi, ban taɓa yi ba.

Muka zauna, na ce ya sa mana albarka tun da yanzu shi ne namijin gida. Addu'ar cin abinci ta gidanku ce, wadda mahaifinku ya koya muku, Hosea kuma ya koya wa Lamonte tun yana shekara biyar. Layi huɗu ce. Ya yi biyu ya tsaya. Muka sunkuyar da kai muna jira. Talotalo na ta hucewa. Da shirun ya yi yawa na ɗaga ido. Babban yatsansa yana bayan kunnensa na dama, yana murzawa.

Juma'a da safe na sa rigar cocina, na ɗauki tsohuwar motar Hosea, na yi tafiyar awa uku. Akwai wata mai kula da lafiyar 'yan wasan, Malama Renita Askew, ita ce ta riƙe masa kai a fili ranar da aka buge shi, ta kuma ba ni katinta a lokacin. Maigadi ya ƙi bari in shiga sai da na nuna masa hoton da nake maƙalawa a ƙirji. Na gaya mata komai. Walimar, da ƙirga biyu, da kalma uku, da faranti na biyar. Ban ɓoye mata dariyata ba. Ta buɗe kwamfuta ta daɗe tana kallo. Ta ce tun Yuli abin ke cizon ta, a ce mutumin da ya haddace littafin nan cikin mako uku, wanda ke cafe ƙwallon da ido ma ba ya iya bi, shi ne ya fi kowa nawa a gwaji. Ta sa a ranta za ta sake masa, aiki ya sha kanta. Ta tambaye ni ko na san abin da zai biyo baya. Na ce na sani. Ta ce a'a Mama, ba ki sani ba tukuna. Ta kira likita. Kafin ƙarfe biyu an cire sunansa daga wasan Asabar, an ce sai ƙwararre ya duba shi, kuma ba a sa ranar dawowa ba.

Kocin masu cafewa ya fito ya yi mini magana da irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo. Ya ce Mama, mun gode da kulawarki, da ma kin jira zuwa Litinin. Na ce masa na taɓa jira, shekara shida na yi ina jira, yanzu kabari nake ziyarta.

Lamonte ya same ni a wurin ajiye motoci. Bai ɗaga murya ba, ni da ya ɗaga da ya fi mini. Ya ce abin da aka yi wa Baba ke nan, sai dai shi Baba da bakinsa ya jawo wa kansa, ni kuwa uwata ce ta yi tafiyar awa uku takanas ta yi mini. Ya ce ubansa bai bar masa gida ba, bai bar masa gona ba, shawara ɗaya tak ya bar masa, ita ma na ɗauka na kai wa bare. Sai na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba, cewa ubansa ya kalle shi a talabijin ya tambaye ni ɗan wa ne. Ya cire tabarau don ya dube ni, haske ya sa ya runtse ido, ya mayar. Ya ce to ko da hakan ne ya yarda, a ba shi shekara goma ana sanin sunansa ya fi masa shekara hamsin yana tuƙa abincin kifi. Ya juya ya tafi. Ginin da yake shiga kullum tun Yuli ne, Yaya, amma sai ya nufi wata ƙofa da ba a buɗewa. Ya ja, ya sake ja. Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya nemo hanya.

Wanda aka sa a gurbinsa ya cafe takwas ranar Asabar, suka ci wasan, aka ɗaga shi sama. Ba wanda ya ambaci Lamonte. Tsoron Hosea ya tabbata, kuma da hannuna. Ranar Lahadi Baba Purvis ya tare ni a ƙofar coci ya ce Verlene, baƙin ciki ya taɓa miki kai, wa ya aike ki cikin maganar maza? Na ce kai ma kana teburin nan, Baba, ka fi kowa buga shi. Daga baya ya cire hoton daga madubin shagonsa. A wurin aiki an koma kirana Verlene. Wannan duk bai dame ni ba. Na ɗauka na biya abin da zan biya, ɗana ya tsane ni amma kansa ya tsira.

Ashe da saura. Ƙwararren ya ce ya huta har bazara, sannan a sake dubawa, ƙila ma ya wuce haka. Lamonte bai zo gida ba, ba ya ɗaukar wayata. Makon jiya Corliss ta gaya mini ya sa sunansa a jerin masu neman sauya makaranta, kuma cikin kwana biyu wata jami'a da ke minti arba'in daga gidanki ta kira shi. Sun ga yadda yake cafewa a tsakiya, shi suke so. Ya ce wa Corliss can ba wanda ya san shi, ba wanda ya san uwarsa, sabon gwaji za su yi masa daga farko. Wai wannan karon uku zai ƙirga. Na kira Malama Renita. Ta ce ya wuce shekara sha takwas, takardunsa nasa ne, ba ta da ikon aika komai sai da sa hannunsa. Amma ta ce ba ta san dokar da ta hana uwa magana ba, ko gwaggo.

To, ga abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu. Za ki ga wata takarda daban a bayan wannan, shafi ɗaya, na rubuta abin da ya faru a gajarce, na sa hannu, na sa lambar Malama Renita. Zan iya aika musu ta gidan waya, amma takardar mai gyaran kifi daga Mississippi a kwandon shara za ta ƙare. Ke shekara talatin kika yi kina aikin jinya a garin nan, kin san yadda ake tsayawa a gaban likita har sai ya ɗago kai. Ina roƙon ki ki kai musu da hannunki kafin su zaunar da shi gaban kwamfutarsu. Na san abin da nake ɗora miki. Shi kaɗai ne ɗan ƙanenki namiji, gidanki ne kuma gida na ƙarshe da yake ganin ba a ci amanarsa ba. In kin kai, zai juya miki baya kamar yadda ya juya mini, ƙila ya bar karatun gaba ɗaya, ƙila ya tafi inda ba mu da kowa. Na auna wannan har na gaji da aunawa. Ba na zargin Hosea, abin da ya fi komai daraja a wurinsa ya ba ɗansa. Amma ni ce na wanke takalman nan masu ƙusoshi da aka dawo mini da su cike da taɓo, kuma ba zan iya wanke wasu ba.

Ban ce ki yarda da maganata ba. Ki sa takardar a jakar cocinki ki yi shiru. In ya iso ki fara ba shi abinci, ya rame, yana son wake da shinkafa da yaji sosai. Kada ki yi masa zancena. Ki ce ya sa albarka da addu'ar gidanku, kin fi kowa sanin ta. In ya kai ƙarshen layi na huɗu, ki kira ni ki ce mini mahaukaciyar mata, zan durƙusa in gode wa Allah. In ya tsaya, ki ɗaga ido ki dubi hannunsa na dama. Daga nan ba sai na roƙe ki ba.

Ki gaishe mini da maigidanki Yaya Thaddeus, Allah ya ƙara masa lafiyar ido. Ki gaida Lorna da yaranta, da Gwaggo Idella in kin je duba ta. Corliss tana gaishe ki, ta ce in jaririn ya zo ke za ki fara riƙe shi a coci. Allah ya kiyaye ku daga sanyin nan, ya haɗa fuskokinmu cikin alheri. In ɗana ya zo ki rungume mini shi sosai, amma kada ki ce daga wurina ne.

Taki har kullum,
matar ƙanenki,
Verlene